Masaukin bakin tabkin Tabalak a tsakiyar hunturu

Tabkin Tabalak yana da nisan kimanin kilomita 50 daga birnin Tahoua, a kan hanyar da ta nufi Abalak da Agadez, kuma tun shekarar 2005 yana cikin dausayoyin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ta keɓe domin a kiyaye su. Masaukin da nake magana a kansa ƙarami ne, yana can gefen ruwa nesa da hayaniyar gari, na kuwa sauka a cikinsa a watan Janairu, lokacin da sanyi ya sa baƙi suka ɗauke ƙafa, ɗakuna suka zama wayam.

A ganina wannan ne lokacin da tabkin ya fi cancantar ziyara. Shamuwa ta riga ta tafi tun ƙarshen damina, amma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauka, sun cakuɗu da kirinjijiya da zalɓe da balbela, har mutum ya shafe hantsi yana kallonsu bai ƙosa ba. Manoman rani suna bin ruwa yana janyewa suna dasa albasa da tumatir, makiyaya kuma suna gangarowa da raƙuma da shanu. Mai gadin wurin, dattijo ne da kowa ke kira Baba, shi ya haɗa ni da wani masunci wanda ya zagaya da ni a kwalekwale, ya nuna mini inda yashi ke cin bakin tabkin shekara bayan shekara. Abin ya dame ni ƙwarai, domin abincin gidaje da yawa yana cikin ruwan nan.

Abinci ba laifi. Karfasa da tarwaɗa ana kawo su ne kai tsaye daga taru, a soya ko a gasa, ga shayi da ba ya yankewa.

Inda masaukin ya gaza shi ne shirin sanyi. Iskar hunturu tana ratso tagogi da ƙura, bargon da suke bayarwa shara-shara ne, ruwan zafi kuwa sai an roƙa kafin a ɗora a kan icce, alhali da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa ko don alwala. Wutar hasken rana takan ɗauke kafin tsakar dare, saboda hazo yana hana batura cika, rezon waya ma sai an hau tudu. Tun da sun rage kuɗin ɗaki a wannan lokaci, da sun ƙara barguna biyu a kowane gado, da babu mai ƙorafi.

Duk da haka ina ba da shawarar zuwa. Wanda ya yi niyya ya riƙo bargonsa mai kauri da rawani da man shafawa, ya tambayi halin da hanya take ciki kafin ya taso daga Tahoua, kuma ya yi tafiyarsa da rana.