Sifikar Bluetooth da ta Wi-Fi: wacce ce za ta raba ka da yankewar waƙa a laftof?

Ɗan'uwa, ka ce waƙar da kake saurare ta intanet a laftof tana ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta dawo, alhali sifikarka ta Bluetooth tana ɗaki ɗaya da kwamfutar, kuma kana son sanin ko sayen sifikar Wi-Fi zai kawo ƙarshen abin. Amsar tana rataye ne a kan inda sautin yake tsinkewa, domin ba hanya ɗaya waƙa take bi ta isa ga waɗannan sifikoki biyu ba.

Idan Bluetooth ce, waƙar tana tasowa daga intanet zuwa rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, daga rauta zuwa laftof, sannan laftof ta sake matse sautin da tsarin SBC, ko AAC, ko aptX, ta miƙa wa sifika kai tsaye. Idan kuwa sifikar Wi-Fi ce mai aiki da Spotify Connect ko Google Cast (wanda aka sani da Chromecast), wato tsare-tsaren tura waƙa ga sifika ta Wi-Fi, ita da kanta take jawo waƙar daga intanet, laftof kuma ba ta wuce rimot ba. Kana iya rufe ta ma kiɗa bai tsaya ba. AirPlay na kamfanin Apple yana tsakanin biyun, domin sautin daga kwamfuta yake fita, amma ta rauta yake bi.

Babban bambancin da kunne yake ji shi ne na guzuri. Kowace sifika tana ajiye ɗan sauti a gaba kafin ta fitar da shi, don kada ta yi shiru idan saƙo ya makara. Guzurin Bluetooth bai kai rabin daƙiƙa ba, saboda haka da zarar an sami ɗan cikas a iska sai ya ƙare, kunne ya ji giɓin. Na AirPlay yana kai wa kimanin daƙiƙa 2, wanda ya isa a sake aiko abin da ya ɓace ba tare da mai saurare ya sani ba. Farashin wannan haƙuri shi ne jinkiri: ka danna tsayawa, sifika ta ɗan ci gaba da kiɗa kafin ta ji ka.

Sai batun cunkoso, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da abin da ka bayyana. Bluetooth tana aiki ne a zangon 2.4 GHz, inda ta raba shi tashoshi 79 tana tsalle a tsakaninsu sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya don ta kauce wa hayaniya. Dabarar tana da kyau, amma zangon ba nata ba ne ita kaɗai. A nan Wi-Fi na gida da na maƙwabta suke, a nan linzamin kwamfuta mara waya yake, kuma na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana aiki a 2.45 GHz, wato tsakiyar wurin. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa a yawancin laftof kati ɗaya ne yake ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, har eriya ma sukan yi tarayya a kanta. Idan laftof ɗin tana karɓar waƙa ta 2.4 GHz kuma tana aika ta ga sifika ta wannan zangon, to karɓa-karɓa suke yi a ƙofa ɗaya, kuma duk sanda kwamfutar ta fara sauke wani babban abu a bayan fage, sauti ne yake shan wahala. Mashigar USB 3.0 ma tana fitar da hayaniya a wannan zangon, kamar yadda kamfanin Intel ya bayyana tun 2012. Na taɓa fama da irin wannan yankewa na kwanaki, ashe faifan ajiya ne da na maƙala da gajeriyar waya a gefen laftof. Da na sa masa doguwar waya na tura shi ƙarshen tebur, sai sautin ya daidaita.

Sifikar Wi-Fi tana iya tsallake wannan duka idan tana karɓar ɗaya zangon Wi-Fi, wato 5 GHz, amma ba kowace ce take karɓa ba, kuma 5 GHz bai kai 2.4 GHz ratsa bango ba. Nisan da ya dame ta shi ne na rauta, yayin da Bluetooth nisan laftof ya dame ta, wanda a ƙa'ida kimanin mita 10 ne idan babu shamaki, kuma jikin mutum kansa shamaki ne. Ka kuma sani cewa Spotify Connect waƙar Spotify kaɗai yake ɗauka, ba duk sautin da ke fita daga kwamfutar ba.

Saurin intanet ba kasafai yake zama mai laifi ba, tunda waƙar da aka matse a 320 kbps ƙaramin kaya ce ga kusan kowane layi. Abin da ke cutarwa shi ne layin da yake ɗaukewa yana dawowa, kuma wannan sifikokin biyu yake shafa daidai wa daida.

Don haka kafin ka kashe kuɗi, ka yi gwaji biyu. Ka kashe Wi-Fi na laftof, ka kunna waƙar da ke ajiye a cikin kwamfutar ta sifikar Bluetooth. Bayan haka ka mayar da Wi-Fi, ka cire Bluetooth, ka saurari waƙar intanet da abin kunne mai waya. Idan babu yankewa a gwajin biyun, sai dai in an haɗa Wi-Fi da Bluetooth, cunkoson da na ambata ne, kuma mayar da laftof kan 5 GHz ko jona ta da rauta da kebul yakan wadatar. Idan da abin kunne mai waya ma waƙar intanet tana yankewa, laifin na layi ne ko na rauta, sabuwar sifika kuma za ta gaji matsalar ne kawai. Idan har waƙar da ke ajiye tana sarƙewa da abin kunne mai waya, to kwamfutar ce, sai a sabunta direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassanta, kuma manhajar LatencyMon tana nuna direban da ke riƙe sauti a Windows.

Idan gwajin farko ne ya yanke, akwai ƙananan abubuwa na ɓangaren Bluetooth da ya kamata ka duba. Windows yakan kashe katin Bluetooth don tattalin batir, ana kuma hana shi yin haka a Device Manager, wato wurin saita sassan kwamfuta a Windows, idan zaɓin ya bayyana a wurin. Manhajar kira da ta buɗe makirufon sifika tana sauya ta zuwa tsarin kiran waya, sauti ya yanke ya dawo a dushe. Sifikar da ke haɗe da wayar hannu da laftof a lokaci guda kuma takan bar waƙa ta juya ga wayar duk sanda saƙo ya shigo. Sai duk waɗannan sun gaza, ko kuma kana son kiɗa ya kai ɗakin da laftof ba ta ciki, zan ce ka sayi ta Wi-Fi, kuma ka duba kwalinta ka tabbata an rubuta 5 GHz.