Hattara da masu tallar kafson "intaferon" na ciwon hanta

Jama'a, don Allah duk wanda yake da mai ciwon hanta nau'in B a gida ya karanta wannan, ya kuma tura wa 'yan'uwa.

Akwai wasu da suka ɓulla a Facebook da WhatsApp suna sayar da kafso a farar roba, an liƙa mata takarda an rubuta intaferon, wai yana ƙarfafa garkuwar jiki ya wanke ciwon hanta tas cikin wata uku. Kawuna ya faɗa hannunsu. Shekara biyu yana shan tenofovir da likita ya ɗora shi a kai, gwajinsa na kyau, kullum yana rumfarsa a kasuwa. Sai wani mai kiran kansa dokta ya dinga aiko masa da saƙon murya: "Alhaji, waɗannan ƙwayoyin danne cutar kawai suke yi, namu kuwa tumɓuke ta yake yi. Amma sai ka ajiye su tukuna, ba a haɗawa." Ya tura kuɗi, aka ba direba kaya, ya karɓo a tasha, robar har da zafin rana a jikinta. Bayan 'yan watanni na je gaishe shi, na tarar farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa kamar baƙin shayi, ko kunu ba ya iya shanyewa.

Abin da ya sa damfarar take kama mutane shi ne sunan na gaskiya ne. Intaferon wani furotin ne da jikinmu yake yi da kansa. Idan ƙwayar cuta ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jiki, sai su sake shi kamar mai ihun ɓarawo a unguwa, maƙwabta su kulle ƙofa, dakarun jini su taso. A Landan aka gano shi a 1957, aikin Alick Isaacs da Jean Lindenmann, daga baya aka iya sarrafa shi ya zama magani. Har yanzu likitoci na ba wasu masu ciwon hanta nau'in B irinsa mai suna Pegasys.

Amma allura ce, ta ƙarƙashin fata, sau ɗaya a mako, yawanci har mako 48, kuma a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ba a haɗiyarsa, domin ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da ƙwai. Wanda ya miƙo maka kafso ya ce intaferon ne, ƙarya yake yi, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya ɗura a ciki.

Suna kuma cewa ba shi da illa tunda jiki ne ke yin sa. Wannan ma ƙarya ce. Na gaskiyar yana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, yana rage fararen ƙwayoyin jini, yana iya taɓa maƙoshi ya kuma jefa mutum cikin matsananciyar damuwa. Shi ya sa ake ɗibar jini a kai a kai. Ba a yi wa mai juna biyu, ba a yi wa wanda hantarsa ta riga ta lalace ciki ya tara ruwa. Duk da wannan wahala, kaɗan ne cutar take barin jininsu gaba ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne umarnin ajiye tenofovir. Likitan da ya karɓi Kawu ya ce dakatar da shi farat ɗaya yana sa cutar ta taso da ƙarfi, kuma hakan na iya kisa. Kada kowa ya daina maganinsa sai likitansa ne ya ce. Idan an kawo muku irin wannan roba, kada ku sha, ku kai wa likita ko ofishin NAFDAC mafi kusa.

Kawu ya yi kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti, an mayar da shi kan maganinsa, yana samun sauƙi alhamdulillahi. Lambar "doktan" a kashe take, amma jiya na sake ganin hoton robar nan a wani shafi, da sabon suna da sabuwar lamba.