Yawon kallon murjani a Mnemba: teku ta cika alkawari, kamfani ne da saura

Duk wanda ya saba da Tarkwa Bay ko Elegushi ya san ruwan Legas ba na leƙe ba ne. Igiyar ruwa ce mai ƙarfi da yashi a dame, ko ƙafarka ba ka gani. Shi ya sa da wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Ikeja ya tallata zuwa Zanzibar, har da iyo a kan duwatsun murjani na Mnemba, muka haɗa kuɗi ni da wasu abokan kasuwa daga Agege.

Ta fuskar takardu ban da ƙorafi. Sun nema mana bizar Tanzaniya tun muna gida, sun tuna mana da katin rigakafin shawara, sun kuma biya inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Ta Addis Ababa muka bi.

Mnemba ɗan ƙaramin tsibiri ne, kimanin kilomita 3 daga gaɓar arewa maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Abin da ba su faɗa mana ba shi ne tsibirin na masu otal ne, ba a yarda baƙo ya taka shi ba. Hoton farin yashin da suka sa a talla, daga cikin kwale-kwale muka hango shi. Sun kuma ce wuri ne keɓaɓɓe, babu hayaniya. Ina! Da yake direbanmu ya makara, sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa, muka tarar jirage sun yi cirko-cirko kamar motocin haya na danfo a Oshodi. Da aka hango dolfin kuwa, duk suka tayar da inji suka bi su a guje. Wannan bai yi mini daɗi ba sam.

Amma da na sa fuska a ruwa, fushin ya wuce. Garau kake ganin ƙasa. Wasu ƙananan kifaye masu zanen baƙi da fari suka kewaye ni har suna gogar hannuna, can ƙasa kuma wani kore da shuɗi yana gatsar murjani da bakinsa, kana jin ƙarar ƙas-ƙas a kunnenka. Murjanin nan halitta ce mai rai, ba dutse ba ne zalla, kuma zafin ruwa na kashe shi, kamar yadda ya faru a tekun Indiya a 1998. Mun ga wurare da yawa da ya mutu ya zube, ga kuma masu yawon buɗe ido suna tsayawa a kansa don ɗaukar hoto.

Wanda ya cancanci yabo shi ne yaron jirginmu. Alhaji, babbanmu a tafiyar, bai iya iyo ba ko kaɗan. Yaron ya sa masa rigar hana nitsewa, ya koya masa cije bututun numfashi, sannan ya ba shi zoben roba ya riƙe, yana jansa a hankali. Alhaji ya ɗago yana ta "Subhanallah", ya ce mini, "Kai Malam, ashe haka ƙarƙashin ruwa yake?" Kayan aikinsu dai sun tsufa. Tabarau nawa na shiga ruwa yana yoyo, sai da aka sauya mini.

Abinci ba matsala, Zanzibar garin Musulmi ne, masallatai ko'ina.

In za ka je, ka kwana a Matemwe, ƙauyen da ke daura da Mnemba, maimakon Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ka tsaya kai da fata a fita da sassafe. Ka sayi tabarau da bututunka, da takalmin roba saboda wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke kwance a bakin ruwa in teku ta janye. Ka kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama ne mai yawa. Kuma kafin ka biya ko sisi, sa kamfanin ya rubuta maka ƙarfe nawa jirgi zai tashi da mutum nawa zai ɗauka.