Gargaɗi kan mai gyaran kwamfutar da ya ci mini naira 60,000 a kan ƙura

Naira 60,000 na biya aka share wa kwamfutata ƙura. Sau uku ina rubuta wannan magana ina gogewa, domin ko ni da abin ya faru a kaina, in na karanta sai in ga kamar labarin wani wawa ake ba ni, alhali kuwa ni ne na miƙa kuɗin da hannuna, har ina yi wa wanda ya karɓa addu'ar Allah ya sa wa sana'arsa albarka. Ba zan ambaci sunansa ko lambar shagonsa ba tukuna, saboda maganar tana gaban shugabannin kasuwarsu, amma a nan Kano yake, cikin jerin shagunan da ake sayar da kwamfutoci na hannu ana kuma gyara su, kuma duk wanda ya taɓa faɗawa hannunsa zai gane shi daga salon aikinsa.

Kafin wani ya ce ni na jawo wa kaina, ina so a san cewa ni ba baƙon kwamfuta ba ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da shagon buga takardu, kuma wannan kwamfutar ta tebur, HP Compaq 6000 Pro, irin waɗanda suka fito a 2009, ita ce ke ciyar da gidana tun ranar da na saye ta. Da safe ne a watan Janairu, hazo ya rufe gari, ga ɗalibai uku a bakin ƙofa suna jiran a buga musu aikinsu, na danna makunni, fanka ta tashi kamar kullum, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin, sai ɗan rubutun nan na Turanci da ke cewa babu sigina. Ban ruga wurin mai gyara ba. Sai da na zare wayar VGA, mai shuɗin kan nan, na duba alluranta ɗaya bayan ɗaya na tabbatar babu wadda ta lanƙwashe, na mayar na ɗaure ta tam. Na aro monita da waya a wurin maƙwabcina na gwada, babu hoto. Na kai tawa monitar shagonsa, ta kawo hoto tas. Ke nan ni da kaina na raba gardama, na san matsalar tana cikin akwatin da muke kira sifiyu. Na kuma lura da cewa fitilar gaba, wadda kullum koriya ce, ta koma ja, tana ƙyaftawa sau biyar ta huta, tare da ƙara sau biyar, har da yatsa na ƙirga. Ƙarar ta daina bayan ta maimaita 'yan lokuta, amma fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa.

Ranar Talata na kai masa, ko kuma dai Litinin ɗin ce da yamma, domin na tuna na sallami ɗaliban nan sannan na ɗora akwatin a kan cinyata a cikin adaidaita sahu. Wani abokin cinikina ne ya yi mini kwatancen shagon. Na tarar da mutum mai natsuwa, wanda ba ya ɗaga murya, ya ba ni kujera, ya aiki yaronsa ya kawo mini ruwa. Na zayyana masa duk abin da na gwada, har da ƙarar nan biyar, ya yi ta gyaɗa kai kamar likita. Ya buɗe murfin, ya haska da tocilar wayarsa, ya daɗe yana leƙe-leƙe, sannan ya ce, "Malam, matso kusa ka sunsuna nan." Na sunkuya na kai hancina, na ji ƙauri. Wallahi na ji ƙauri, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Sai ya ce, "Ka ji ko? Katin hoto ne ya ƙone, wuta ce ta zo da ƙarfi ta buge shi, ma'anar ƙara biyar ɗin da ka ji ke nan. Ni ba zan karɓi kuɗin dubawa ba, in ka ga dama ka kai wani wurin a ƙara duba maka, don hankalinka ya kwanta."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta kashe mini jiki. Wane macuci ne zai ce ka ɗauki kayanka ka kai wani wuri? Wane ɓarawo ne zai ƙi kuɗin dubawa? Duk daren da barci ya ƙi zuwa, a wannan teburi nake tsintar kaina, a sunkuye, hancina cikin akwati, shi kuma yana tsaye a kaina yana jiran in amsa. Sai daga baya ƙwaƙwalwata ta dawo mini da abin da idona ya gani amma hankalina bai ɗauka ba, wato ƙarfen narka dalma da ke ajiye a gefen akwatin, bai fi taƙi ɗaya da hancina ba, yana fitar da siririn hayaƙi domin yaron bai daɗe da gama aiki da shi ba. Ƙaurin dalmarsa na shaƙa, na ce masa lallai na ji.

A nan take na ba shi naira 15,000 kuɗin katin hoto, wato abin da ke tura hoto daga kwamfuta zuwa monita. Bayan kwana biyu ya kira ni da muryar ta'aziyya, ya ce ya sa katin amma ya ƙi aiki, domin ƙunar ta ratsa har cikin madabod, wato babban faifan da duk sassan kwamfuta ke haɗe a jikinsa, sai an canza shi gaba ɗaya, kuma ya samo mini wani mai kyau a kan naira 38,000, wai da wani ne da ya ce 45,000. Na tura masa ta waya, har na ƙara da saƙon godiya, kuma saƙon yana nan yana kallona. Ranar da na je karɓa ya ƙara neman naira 7,000, wai ya canza wani ɗan ƙarfe mai riƙe agogon kwamfuta. Naira 15,000, da 38,000, da 7,000. Naira 60,000 cif, ban da kuɗin adaidaita sahu sawu uku, ban da cinikin kwana biyar da na rasa shagona yana rufe. Na manta ban faɗa ba, tun a ranar farko na tambaye shi rasit ya ce littafin ya ƙare, na kuma yarda, saboda mutumin da ya yafe mini kuɗin dubawa ban ga dalilin da zan matsa masa a kan takarda ba.

Kwamfuta dai ta kawo hoto, kuma da abin ya tsaya nan da har yau ina yabonsa. Amma sai ta koma tafiyar hawainiya, takarda guda sai in buɗe in tashi in zuba shayi kafin ta bayyana. Na kira shi ya ce sabon madabod ne, sai sun saba da juna. Haka na yi ta fama mako biyu, har ɗan ƙanwata da ke karatu a kwalejin fasaha ya zo hutu ya leƙo shago. Ya duba ya ce, "Kawu, ram ɗinka ba giga takwas ba ne? Biyu nake gani." Ya buɗe murfin, sai ga sandar ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke taimaka wa kwamfuta yin sauri, guda ɗaya tak ta giga biyu, a wurin da nake da sanduna biyu masu giga huɗu-huɗu, nau'in DDR3, waɗanda shi wannan yaron ne ya raka ni muka saya shekarun baya. Ya nuna mini dogon ramin da ake soka katin hoto, babu komai a ciki, ƙarfen da ke toshe gurbinsa ta baya ma ko taɓa shi ba a yi ba. Ya ce, "Kawu, wannan kwamfutar ba ta taɓa ɗaukar katin hoto na daban ba, abin da ke fitar mata da hoto a jikin madabod ɗin yake, shi ya sa wayarka ke shiga can sama kusa da ramukan USB." Wato naira 15,000 na biya kuɗin abin da babu shi, aka ce ya maye gurbin wani abin da shi ma babu shi.

Daga nan ya kashe ta ya kunna, ya danna F10 ya shiga BIOS, wato shafin da ke nuna bayanan kwamfutar da saitinta na asali, ya karanto lambar kwamfutar da ke ajiye a cikin madabod, ni kuma ina karanta ta jikin takardar da ke manne a akwati. Harafi da harafi, lamba da lamba, iri ɗaya ne. Ga kuma maƙallin ramin ram guda ɗaya da ya ɗan karye tun ranar da muka ƙara sandunan nan, yana nan da karayarsa. Madabod ɗina ne na da, wanda na saya da kuɗina tun farko, aka sake sayar mini da shi a kan naira 38,000. Ɗan ƙarfen agogon kuwa na naira 7,000, batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, wanda ake samu a teburin masu gyaran agogo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da yaron ya nuna mini littafin bayanin wannan ƙira a intanet, inda aka rubuta ƙarara cewa ƙara biyar da jar fitila sau biyar matsalar ram ce, matsalar sashen hoto kuwa ƙara shida ce. Kwamfutar da bakinta ta faɗi ciwonta tun safiyar farko, ni na ƙirga daidai, na kai masa lissafin, shi kuma ya juya mini fassarar saboda ya san ba zan iya musa masa ba.

Na san wasu za su ce me ya hana ni binciken nan da kaina, tunda ina da waya. Amsata ita ce ga ɗalibai suna kirana, ga kuɗin haya ya matso, ga mutum mai furfura a gemu yana ce mini in kai wani wuri in ban yarda ba. Na gwada waya, na gwada monita, na ƙirga ƙara, ban kai masa kaya ido rufe ba. Abin da ban yi ba shi ne zargin hancina.

Da na koma wurinsa, ba ranar ba ce, sai da na bari na huce kwana biyu, bai ko girgiza ba. Ya ce lambar tsohon madabod ɗin ce ya kwafa a sabon, don kada kwamfutar ta rikice. Na ce to ina tsohon da katin da ya ƙone, ya ce ya bai wa 'yan jari bola. Na tambaye shi sanduna biyu na ram, ya ce sun ƙone tare da sauran, ya sa mini ta giga biyu kyauta don tausayi, wai ma godiya ya kamata in yi masa. Ina fitowa, can bayan layi, wani da ke zama kusa da shagon ya biyo ni ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, tun yammacin da ka kawo ta ta tashi. Bulowa ya sa mata, ya zare ram ya goge bakinsu da kilinar fensir ya mayar, ko minti goma ba a yi ba hoto ya fito." Ƙurar hunturu ce kawai ta shiga tsakanin sanda da raminta. Kwana biyar kwamfutata tana zaune lafiya lau a ƙarƙashin teburinsa, ni kuma ina gida ina lissafin inda zan ranto naira 38,000.

Hujjojina suna nan. Ina da shaidar tura kuɗin nan, ina da saƙonninsa na murya a WhatsApp inda yake cewa ya canza madabod, na kuma ɗauki hoton lambar BIOS da ta jikin akwati gefe da gefe. Duk zan saka su a nan bayan zaman da shugabannin kasuwar suka kira ranar Asabar, sai dai zan rufe lambar asusunsa.

Ku kuma in taku ta ƙi kawo hoto, ku gwada wata waya da wata monita, ku ƙirga ƙarar ku nemi ma'anarta a littafin ƙirarku domin kowane kamfani da nasa lissafin, ku ɗauki hoton cikin akwatin kafin ku bar shi a hannun kowa, kuma duk abin da aka ce an canza ku ce a ba ku tsohon. Ni ko ɗaya daga cikin biyun ƙarshen ban yi ba, sunkuyawa na yi na sunsuna. Naira 60,000, da sanduna biyu na ram da na tabbata tuni suna cikin kwamfutar wani, kuma wannan rubutun ma da giga biyun da ya bar mini nake yin sa, sau biyu tana maƙalewa kafin in kawo nan.