Waya, Garmin ko Safiyo: Me Za Ka Yarda Da Shi Kafin Ka Biya Kuɗin Fili a Gombe?

Tun da GOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a Jihar Gombe, ta fara aiki, kowane dillali ya koyi cewa "akwai kodinet". Kodinet lambobi biyu ne da ke nuna ainihin inda wuri yake a doron ƙasa. Idan aka ɗaure su da girman fili, iyakarsa da sunan mai shi, su ne masana ke kira bayanan jiyosfeshal. Abin tambaya: wa ya ɗauko lambobin, kuma da me?

Wayar hannu tana kuskuren mita 3 zuwa 5, ko da sararin sama a buɗe yake. Fili mai ƙafa 50 a 100 kuwa faɗinsa kimanin mita 15 ne kawai. Ka bar wayar wa mai neman gidan biki. Garmin, ƙaramar na'urar GPS ta hannu, ta isa auna gonar hekta biyar a Kwami, amma ba fuloti ba.

Ni dai safiyo mai rajista da SURCON, hukumar safiyoyi ta ƙasa, nake bi, wanda ke zuwa da na'urar RTK, wato GPS ta ƙwararru da ke zuwa guda biyu. Ɗaya tana tsaye kan ƙafa uku, ɗaya a kan sanda yana zagaye da ita kusurwa-kusurwa, kuskurenta 'yan santimita ne. Ya kafa turakun siminti masu lamba, ya buga hatiminsa a takarda. Da tsada, ba musu, amma bai kai kuɗin rushe katanga ba.

Na san haka ne don an taɓa ni. Wani dillali a bayan Tumfure ya ce, "Alhaji, ga takarda, komai na ciki." Ashe lambobin filin maƙwabci aka kwafo, aka sauya suna. Sai da na zuba bulo tukuna mai wurin ya bayyana.

Saboda haka kada ka karɓi hoton takarda ta WhatsApp. Ka je da safiyon da kai ka ɗauko, ba na dillali ba, ya tsaya kan kowane turke a gabanka. Ka duba ko simintin ɗanye ne, domin ana tuge turke da dare a matsar da shi. Ka kuma tambaya: lambobin na Minna Datum ne ko WGS84, wato tsarin awo biyu da ake ɗauko kodinet da su? Idan aka cakuɗa su, fili kan yi tsalle da gomman mitoci, ka tsinci naka a tsakiyar titi. A tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Gombe tana shiyya ta 32. Takardar da ba ta faɗi shiyya ba, mayar wa dillali da abarsa.