Aikin gyaran rufin gidana a Agege: abin da na gani bayan damina ɗaya

Na jinkirta wannan sharhi da gangan har sai da damina ta wuce, domin a Legas ba a yabon rufi a ranar da kafinta ya sauko daga tsani. Sai ruwan watan Yuni da na Yuli sun bi ta kansa, sannan na Satumba da Oktoba sun biyo baya, kafin mutum ya san ko kuɗinsa sun tafi inda ya dace.

Gidana yana Agege, mai ɗakuna shida ne, rabinsu na 'yan haya. Tsohon kwanon ya yi tsatsa, silin ɗin ɗakuna biyu ya kumbura, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu sai iyali su fara jera bokitai. Wani maƙwabcina da muke salla tare ne ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani na masu aikin rufi, suka zo a watan Maris.

Abin da ya fara burge ni shi ne shugaban ma'aikatan bai yi maganar farashi ba sai da ya shiga cikin silin da tocila ya duba katako ɗaya bayan ɗaya. Da ya sauko ya ce mini: "Alhaji, kwanonka ya tsufa, amma ba shi kaɗai ne ke zubar maka da ruwa ba." Ya nuna mini katako huɗu da gara ta cinye, da ƙusoshin da suka saki har ramukansu suka buɗe, da indararon da ƙurar hunturu da ganyaye da ledoji suka toshe, ta yadda ruwa ke taruwa ya koma baya ya shige ƙarƙashin kwano. Wannan bayani ya tuna mini da abin da ƙanena mazaunin Kanada ya taɓa faɗa mini, cewa a can ɗumin cikin gida ne ke narkar da dusar ƙanƙarar da ke kan rufi, ruwan ya gangaro bakin rufi inda sanyi ya fi yawa ya daskare, sai ƙanƙarar ta tare hanya, sauran ruwan ya nemi kafa ya shiga gida. Mu ba mu da ƙanƙara, amma toshewar indararo tana yi mana ɓarna iri ɗaya.

Sun ba ni shawarar dogon kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55, maimakon mai 0.45 da ya fi araha, bisa dalilin cewa iskar Legas tana ɗauke da laima da gishirin teku waɗanda ke saurin cin kwanon ƙarfe, kuma siririn kwano yana lanƙwashewa idan iska mai ƙarfi ta taso a farkon damina. Sun auna kaurin a gabana kafin a sauke kayan daga mota, abin da na ji daɗinsa ƙwarai, domin sayar da siriri da sunan mai kauri ba baƙon abu ba ne a kasuwa. Sun shafa wa sabon katako maganin gara, sun ɗaure kwanon da ƙusa mai murɗi da ke da zoben roba, sun kuma ƙara faɗin indararo tare da karkata shi sosai zuwa magudana.

Akwai inda suka gaza, kuma bai kamata in ɓoye ba. Sun yi alkawarin kwana biyar, aikin ya ci kwana tara, har ruwan farko ya sauka alhali ɗaki ɗaya yana rufe da tamfol, katifar wani ɗan haya ta jiƙe. Kuɗin katakon da aka canja bai shiga lissafin farko ba duk da cewa sun ga ɓarnar tun ranar dubawa, sai da aiki ya yi nisa suka kawo shi, wanda hakan ya sosa mini rai. Sun kuma bar guntayen kwano masu kaifi a tsakar gida inda yara ke wasa, sai da na kira su sau biyu kafin a kwashe. Ƙarar ruwa a kan alminiyam ma tana da yawa, ko da yake wannan halin kwanon ne, ba laifinsu ba.

Duk da haka, damina ta zo ta wuce ba mu ajiye bokiti ko ɗaya ba, silin ya bushe, kuma da na hau sama a watan Nuwamba ban ga ƙusar da ta saki ba. Zan iya tura ɗan'uwa wurinsu, da sharaɗin a rubuta yarjejeniya da ta ƙunshi kaurin kwano da kuɗin katako da ranar kammalawa kafin a ba da kafin alƙalami. Ni kaina na riga na shirya da su za su dawo a watan Fabrairu, bayan hunturu ya ja baya, su share indararo su sake duba ƙusoshi.