Sharhi kan jirgin Nozomi da manyan tashoshin da yake wucewa ba tare da ya tsaya ba

Na hau jirgin ƙasa mai suna Nozomi daga Tokiyo zuwa Osaka a ƙasar Japan, sannan a hanyar dawowa na sauka a Shizuoka na kwana, washegari na ƙarasa tafiyar a jirgin da ke tsayawa a kowace tasha. Da gangan na yi haka, domin na daɗe ina son sanin yadda abin yake ta fuska biyu: ga wanda ke zaune cikin tarago yana kallon babbar tasha tana shuɗewa ta taga, da kuma ga wanda ke tsaye a dandamali da jakarsa yana kallon jirgi ya wuce shi.

Layin dogon da ake magana shi ne na Tokaido, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1964, mai tsawon kilomita 515. Jirage iri uku ne ke bin sa. Kodama yana tsayawa a duk tashoshi, tafiyarsa kuma takan kusanci awa huɗu. Hikari yana zaɓar wasu ya bar wasu, ya isa cikin kamar awa uku. Nozomi kuwa, wanda ya fara aiki a watan Maris na 1992, daga Tokiyo sai Shinagawa da Shin-Yokohama, daga nan ba ya sake taka birki don ɗaukar fasinja sai Nagoya, sannan Kiyoto da Shin-Osaka, tashar wannan layi a birnin Osaka, duka cikin kimanin awa biyu da rabi.

Tsakanin Shin-Yokohama da Nagoya ne na ga ainihin abin da na sayi tikiti dominsa. Tazarar ta haura kilomita 300, kuma jirgin ya cinye ta cikin kusan awa ɗaya da minti ashirin, yana kaiwa gudun kilomita 285 a awa a inda hanya ta miƙe. A wannan tsakanin akwai tashoshi shida na lardin Shizuoka, wato Atami, Mishima, Shin-Fuji, Shizuoka, Kakegawa da Hamamatsu, kuma babu ko ɗaya da Nozomi ke tsayawa a cikinta. Shizuoka ba ƙauye ba ne, birni ne mai mutane kusan dubu 700 kuma hedikwatar lardi, Hamamatsu ma ta fi shi yawan jama'a. Duk da haka, abin da na gani na tashar Shizuoka bai wuce rufin dandamali da inuwar mutane a jere ba, kafin in karanta sunan da ke jikin allo har mun fita. Ruwan da ke cikin kofina ko girgiza bai yi ba. Na zauna a gefen dama, saboda haka na sami ganin Dutsen Fuji sosai a wajajen Shin-Fuji, kuma na yarda cewa ta fannin natsuwa da kiyaye lokaci ban sami abin kushewa ba. Babu hayaniyar masu shiga da fita, babu mai neman in tashi ya wuce, na buɗe takarduna na yi aiki har aka sanar da Nagoya ta lasifika.

Washegari da na tsaya a dandamalin Shizuoka ne ra'ayina ya ƙara faɗi. An gina tashar da layuka huɗu: biyu na gefe suna manne da dandamali domin jiragen da ke tsayawa, biyu na tsakiya kuma na masu wucewa ne. Da farko sai ka ji ƙarfen dogo ya fara wani siririn kuka, sai iska ta bugi fuskarka, sai taragai 16 su keta tsakiyar tashar su ɓace. Jirgin ya kai mita 400 a tsawo, amma ban ƙirga daƙiƙa bakwai ba ya wuce gaba ɗaya. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ko ɗaga kai ba ta yi ba daga littafin da take karantawa, ni kuwa sai da na ja da baya taku ɗaya, alhali akwai layi guda cur tsakanina da jirgin. Kafin nawa jirgin ya iso, uku sun wuce ta ɓangarorin biyu. A lokutan cunkoso jadawalin da aka fito da shi a 2020 ya ba da damar Nozomi har 12 a cikin awa guda zuwa ɓangare ɗaya, yayin da Hikari mai tsayawa a Shizuoka bai cika wuce guda ɗaya a awa ba. Duk wanda ya tsaya a wurin zai gane dalilin da ya sa mutanen lardin suka daɗe suna ƙorafi.

Dalilin wucewar a fili yake. Jirgin da ke irin wannan gudu ba ya tsayawa nan take. Sai ya fara rage gudu tun daga nesa, ya buɗe ƙofofi, ya jira, sannan ya sake ɗaukar lokaci kafin ya koma gudunsa na da. A ƙiyasina kowace tsayawa tana cin mintoci huɗu zuwa biyar, kuma ana cire su ne daga lokacin mutum sama da 1,300 idan kujeru sun cika, akasarinsu masu zuwa Nagoya ko Osaka, waɗanda in tafiyar ta yi tsawo za su koma jirgin sama. Wannan lissafin ne ya taɓa hawa kan Nagoya kanta. A 1992 Nozomi na farko da ke barin Tokiyo da ƙarfe shida na safe yana wuce Nagoya da Kiyoto ba tare da tsayawa ba, domin ya kai ma'aikata Osaka kafin ƙarfe tara, ganin cewa gyaran layi da ake yi cikin dare yana tilasta wa jiragen asuba rage gudu. Mutanen Nagoya sun ɗauki abin a matsayin raini, 'yan siyasa da 'yan kasuwarsu suka tayar da jijiyar wuya, kuma a 1997 aka daina. Shizuoka ba ta sami irin wannan nasarar ba har yau.

A cikin Kodama na ɗanɗani ɗaya gefen lissafin. A tashoshi da dama mukan tsaya ƙofa a buɗe na wasu mintoci, ba don ana jiran fasinja ba, sai don Nozomi ɗaya, wani lokaci biyu, su sha gabanmu ta layin tsakiya. Taragon yakan ɗan jijjiga idan sun gifta, sannan mu tashi. Ba na ƙin wannan tsari, domin da shi ne layi ɗaya ke iya ɗaukar jirage masu gudu daban-daban ba tare da wani ya tare wa wani hanya ba, kuma kujeru a Kodama a wadace suke. Amma jiran yana gundura, kuma a raina na ji cewa saurin da na more jiya, waɗannan mutanen ne suka biya wani ɓangare nasa da lokacinsu. Da za a ƙara yawan Hikari masu tsayawa a Shizuoka da Hamamatsu, da an rage musu nauyin ba tare da an taɓa Nozomi ba.

Ga mai zuwa Nagoya, Kiyoto ko Osaka, Nozomi nake ba shi shawarar hawa, kuma ni ma shi zan sake hawa. Wanda kuma zai sauka a tsakani, ya karanta jerin tashoshin da ke kan allon dandamali kafin ya sa ƙafa a tarago, domin jiragen uku kamanninsu ɗaya ne, fari da ratsin shuɗi, kuma idan ƙofar Nozomi ta rufe a Shin-Yokohama ba za ta sake buɗewa ba sai a Nagoya.